Sakin Layi na Sha Bakwai

A Bakersfield, hawa na huɗu, ɗaki mai taga ɗaya,
ƙanwata Araceli na barci da robobi biyu a ciki.
Ni ina kan kujera,
wasiƙar kamfanin inshora a cinyata.
Sau tara na karanta ta. Ba ta sauya ba.

Shekara shida tana gyaran gadajen otal,
ɗaki sha takwas kafin rana ta karkata,
tana cusa dala a gwangwanin kofi
bayan buhun wake.
Haihuwa uku, duka da wuƙa aka ciro su,
fatar cikin ta sauko kamar aljihun da ya gaji.
Ba ta ce za ta koma budurwa ba.
Cewa ta yi: Ofelia, so nake in sa siket
ba sai na fara naɗe kaina ba.

Da asuba muka tsallaka Tijuana, ni na tuƙa.
Likitan na da fararen haƙora da hotuna a bango,
na kafin aiki, da na bayansa.
Babu hoton kwana sha ɗaya,
ranar da ɗinkin ya buɗe baki,
zazzaɓi ya hau, wari ya riga mu shiga ɗaki,
wayarsa ta yi ta ƙara a wata ƙasa.

Takardar nan da ladabi take magana:
Mun tausaya. Sai dai aikin na ganin dama ne,
abin da ya biyo baya kuma ɗansa ne,
a duba sakin layi na sha bakwai.
Ashe ciwo ma yana da asali,
sai an san wa ya haife shi kafin a biya.

Na kira su. Kiɗa suka sa mini na minti arba'in.
Wata Darlene, mai murya kamar zuma,
ta ce da mota ce ta buge ta, da an biya duka.
Ta yi shiru.
Ta ce, ba haka nake nufi ba.

A ɗakin da ke kusa akwai dattijo,
shekara hamsin yana zuƙar taba,
an biya masa har kwabon ƙarshe.
Ba baƙin ciki nake masa ba, Allah ya ba shi lafiya.
Tambaya ce kawai ta tsaya mini a wuya:
a cikin ginin nan, wa bai taɓa zaɓar wani abu ba?

Aikin, dala dubu biyar da ɗari takwas.
Gyaransa, dubu saba'in da ɗaya,
kuma alƙalamin bai huta ba.
Eleazar ya manna takardar sayarwa a gilashin motarsa.
Kuɗin bikin cikar Xiomara sha biyar
sun tafi a kwana biyu na ƙarin ruwa.
Maƙwabta sun kawo miya da karin magana:
garin neman gira an rasa ido.
Na karɓi miyar.

Ɗazu ta farka, leɓɓanta a bushe,
hannunta na laluben bandeji.
Ta ce, ya kwanta?
Na ce, ya kwanta. Koma barci.

A bayan wasiƙar akwai fom na ɗaukaka ƙara.
Faɗi dalili, in ji su, a taƙaice.
Layi uku suka bari.
Tunda asali suke tambaya,
na ari biro wurin nas,
na rubuta Xiomara,
na rubuta Abelardo,
na rubuta Nayeli.