Guntun Saƙo

A Kuseri, fanka na tari bisa kaina,
ma'aunin kogin Logon na turo saƙo a jone,
ba waƙafi, ba numfashi.

Na rubuta ɗan aiki:
karɓi harafi, duba.
In ka ci karo da aya, yanka nan,
miƙo saƙo, miƙo saura,
ka sake kiran kanka kan sauran.
Ba shi da aljihun ɓoyo.
Tambayar jiya, amsar jiya.

Ƙarfe biyun dare layi ya tsinke:
"ruwa ya kai mita ta"
Takwas? Tara?
Shi dai ya riƙe guntun, yana jiran aya.

Ni ce na kasa.
Na kira Goggo Dudu can bakin gaɓa:
tashi, kwashe buhunan bandar nan.