Mai Ɗaga Gada

Aikina ɗaga gada ne a bakin tafkin Duluth.
Jirgin tama ya yi busa, in danna maɓalli,
titi ya tashi sama, motoci su ja layi,
direbobi na tsaki a bayan gilashi.
Shekara goma sha tara ina sa mutane jira,
ban san nauyin abin ba
sai da ya ƙwanƙwasa ƙofar gidana.

Tsakiyar Disamba, da yamma,
Signe ta buɗe kwamfuta a teburin kicin,
safarta jiƙe da dusar ƙanƙara.
Ta karanta sau biyu, ta juyo min da allon.
Ba su ce e ba, ba su ce a'a ba,
wai a sake dubawa a watan Maris.
Miya na tafasa, babu wanda ya tashi ya sauke.

Na ce, ai ba kora ba ce.
Ta ce, Baba, da kora ce da na yi kuka na huta.

Tafki ya daskare, jirage suka kwanta a tasha.
Ita ba ta kwanta ba.
Madam Dembroski ta makaranta ta ce,
rubuta musu shafi ɗaya tak, ban da magiya,
faɗi abin da ya ƙaru tun kaka.
Ta sa makin lissafinta da ya ɗago,
da yaran da take koya wa karatu ran Asabar.
Ta goge "ina roƙonku" har sau uku.
Na huɗun ni na kama hannunta.

Maris ya zo da wasiƙa mai laushin baki:
an sa ta a jerin masu jira.
Ta nawa ce? Ba a faɗa.
Mutum nawa ne a gaba? Ba a faɗa.
Ni ko direban da na tsare
yana ganin jirgin da idonsa,
ya san in gindinsa ya wuce, hanya tasa ce.
'Yata an tsayar da ita a kan kwalta,
gada a sama, ruwa fayau, babu jirgi.

Ƙawarta Linnea ta sayi rigar jami'arta,
tana yawo da ita ko wanki ba ta bari a yi.
Signe ta ce ta yi mata kyau.
Da gaske ta faɗa, na ji muryar.
Da dare kuma na ji famfo na zuba a banɗaki,
ya daɗe fiye da wanke fuska.

Ana saura kwana biyu ɗaya ga Mayu
ta zo ta same ni a ɗakin gada, da kofi biyu.
Ta ce ta gaji da jiran gawon shanu,
ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.
Jami'ar jiha ta daɗe da buɗe mata ƙofa,
tafiyar awa biyu da rabi, in ba dusa.
Muka biya kuɗin kama gurbi daga wayata,
yatsana na rawa kan lambobin kati.
Sunanta ta bar shi a wancan jerin,
kamar laima da aka manta a gidan mutane.

Ƙarshen Yuni saƙonsu ya iso.
Tana naɗe bargo cikin kwali,
tana gardama a waya da abokiyar ɗakinta
kan wa zai kawo firiji.
Ta leƙa, ta ce, sun rufe jerin.
Na jira hawaye.
Ta ce, miƙo min salatif.

Yanzu in na ɗaga gada
nakan leƙa motar da ke gaban layi.
Ba na iya hanzarta jirgi.
Hannu dai nake ɗaga musu ta taga,
ko da ba mai kallon sama.