Hannun Kawu Mati

A Rafindadi, bayan shagon mai niƙa,
shekara talatin Kawu Mati na buɗe cikin rediyo
kamar mahauci na fiɗar akuya,
sai dai shi in ya gama, abin kan tashi ya yi magana.
Yakan ce da ni, "Gaje, rediyo ba ya mutuwa.
Waya ce guda ta tsinke a wani lungu.
Tasha na nan tana zuba, mu ne ba mu ji."

Ran Laraba da hantsi
ƙarfen dalma ya suɓuce masa, ya faɗi ƙasa.
Ya dubi hannun damansa
kamar baƙon da ya shigo ba sallama.
Ya buɗe baki zai kira ni,
baki ya karkace, sunana ya maƙale a hanya.

A asibiti likita ta ɗaga hoto ga fitila.
Ga ƙwaƙwalwar Kawu, ninki bisa ninki,
kamar mayafin da aka dunƙule aka cusa a ƙwarya.
Ta ɗora yatsa a ɓarin hagu,
kan wani tabo da bai fi ƙwayar gurjiya ba.
"Nan jini ya tsaya," in ji ta.
Na ce, "Ai dama ce ta mutu, likita."
Ta ce hanyoyin gittawa suke a ƙeya,
hagu ke aiken dama, dama ke aiken hagu,
maƙwabta biyu, kowa da makullin ɗan'uwansa.

To ashe hannun lafiyarsa lau.
Ga tsoka, ga ƙashi, ga tabon ƙunar dalma.
Daga ƙeya laka ta gangara cikin gadon baya,
ta yi rassa, rassan suka yi saiwa
har ƙarƙashin farce,
kowace a miƙe tana jiran aike.
Mai aiken ne ya yi shiru.

Wata magariba kunu mai zafi ya ɗiga masa,
hannun ya zabura!
Na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.
Da na kai labari, likita ta girgiza kai:
wannan laka ce ta amsa da kanta,
mai gadi ne ya kashe maciji
bai tsaya tada maigida ba.
Na dawo ta Ƙofar Ƙaura a ƙasa
don kada mai Napep ya ga idona.

Abin mamaki bai ƙare ba.
Kawu ba ya iya cewa "ruwa",
amma ka ce masa "ɗaya",
sai ya zarce har goma bai yi tuntuɓe ba.
Ya ji ƙamshin daddawa daga gidan Iya Tabawa,
ya yi murmushi da rabin fuska.
Ashe gidan nan ɗakuna ne da yawa,
gobara ba ta cinye su duka ba.

Aka ba mu aiki: wake a faifai, kofi a gefe.
Ɗauki, Kawu. Sake. Sake dai.
Wai in ruwa ya yanke hanya
ƙafa ce ke fitar da wata ta cikin gona,
yau mutum ɗaya, gobe biyu,
har ciyawa ta haƙura.
Wata uku wake na yi mana dariya.
Ran da ya fusata ya yi fatali da faifan da hagu,
ni na tsince, kaji suka taya ni.

Jiya na ajiye masa tsohuwar rediyonsa a cinya.
Babban yatsa ya motsa, manuniya ta biyo,
a hankali, kamar masu sulhu bayan gaba.
Suka kama maɓalli. Suka murɗa.
Shuuu. Ba tasha, iska kawai.
Ya ɗago ido, leɓe na rawa, ya ce, "Ga..."

Har yanzu ban sani ba,
sunana ya fara,
ko "ga shi" yake nufi.