Ƙyauren Maɗaci

Ƙyauren shagon Baba ne, na maɗaci,
gara ta lasa ta tofar don ɗaci.
Shekara tara yana jingine a bayan rijiya,
kaji na kwana a kansa,
ni kuwa kullum ina gifta shi da sassafe
zan tafi karatun mitar ruwa a Rafindadi.

Ran wata Asabar na kwantar da shi,
na zana masa ƙugu da gawayi.
Turai ta leƙo daga madafa:
"Wannan kuma akushi ne ko allo?"
Na ce jita ce, mai lantarki.
Ta ce, "Allah shi kyauta," ta koma tuƙin tuwo.

Malam Rabe na Ƙofar Marusa
ya ara mini zarto da magagari,
ya ce su dawo kafin azumi.
Azumi biyu suka yi a gidana.

Wuyan ne ya gasa mini aya a hannu.
Na fari ya murɗe kamar ƙahon rago,
na biyu ya tsage da saukar damina,
na uku na cusa masa rodi, ya miƙe dole.
Na datse sufokin keke, ashirin da ɗaya,
na jera su ɗai-ɗai,
tazararsu na tsukewa
kamar albashi idan wata ya yi nisa.

Sai kunnenta.
Maganaɗisu daga matacciyar sifika,
waya daga fankar da wuta ta ƙone,
siririya kamar gashin jinjiri.
Na hau keken ɗinkin Turai da dare,
Hajjo ɗiyata na ƙirga naɗi,
kowane ɗari ta jefa wake guda a faranti.
Wake sittin muke nema.
A na arba'in da uku wayar ta katse.
Ban ce uffan ba.
Na sa takalmi, na taka har Ƙofar Guga,
na sha shayi ba sukari, na dawo.
Na tarar ta maida waken buhu,
ta ce, "Baba, daga ɗaya."

Na goge jikin da takarda mai yashi
har yatsuna suka daina buɗe wayata,
na shafe shi da man kaɗe sau bakwai,
ya yi ja kamar bakin mai cin goro.
Ramin da Baba ke zura mabuɗi ban toshe ba,
nan na dasa soket.

Daren da na ɗaure tsirkiya ta shida
ana kiran isha'i aka ɗauke wuta.
Na kwance batirin babur,
na haɗa da tsohuwar rediyo, na murɗa.
Ƙugi ya taso kamar an taɓo amya,
can ƙarƙashinsa wani mutum
yana cigiyar jar akuya mai ƙaho ɗaya.
Hajjo ta faɗi ƙasa don dariya.
Waya ɗaya na manta.
Na ɗiga mata dalma, gida ya yi tsit.

Na taɓa ta ƙasa, mai kauri.

Wallahi na san muryar nan.
Kukan da yake yi ne da asuba
in Baba ya tura shi da kafaɗa,
buta a hannu, yana gyaran murya.
Na bar shi ya yi ta yi har ya ƙare don kansa.
Turai na tsaye da ludayi, miya na ɗiga.

Kiɗa dai ban iya ba.
Sauti uku na sani, na ukun ma da gardama.
Na maida wa Malam Rabe kayansa da goron ban-haƙuri,
na share garin katako, tsakar gida ta yi faɗi,
Asabar ta zo ta same ni ba abin yi.

Jiya ina shan kunu
idona ya sauka kan ƙyauren madafa.
Ƙirya ce, ba tsaga ko ɗaya.
Turai ko juyowa ba ta yi ba,
ta ce, "Kar ma ka soma."