Magatakarda a Gaban Hoton Magajin Gari

Mai zanen ya yi maka gata, Asahel Wendover.
Ya miƙe karkataccen hancinka,
ya ɓoye yatsan da gizago ya cinye
cikin aljihun kwat ɗin aro.
Ni da na riƙe maka alƙalami shekara goma sha ɗaya
na san abin da fenti ya haɗiye.

Ka sauko daga jirgin katako da gatari ɗaya,
masassaƙin ganga, ɗan gabas, harshenka duk gishirin teku.
Marlow Ferry ba ta fi rumfa arba'in ba a lokacin,
sai taɓo mai ƙwace wa mutum takalmi.
Kogin Ohio na gefe yana harkar gabansa,
bai tambayi sunan kowa ba.

Ran da gari ya sami takardar zama birni
aka kaɗa ƙuri'a a mashayar Tobias Kell.
Ɗari biyu da tara, ɗari da casa'in da shida.
Farare masu fili kaɗai aka ƙirga;
mata na leƙe ta taga,
su Cato masu dako na bakin ruwa da buhu a ka.
Ka ci. Ka kurɓi ruwa,
ka koma ka ƙarasa gangar da ka bari.

Dokarka ta fari a kan aladu ce.
Har a majami'a an yi dariya.
Duk wanda nasa ya kwana a titi, senti hamsin.
Na farkon da tara ta hau, kai ne,
ka ƙirgo min kuɗin kana ƙunƙuni.

Sai fitila goma sha biyu a Titin Kasuwa,
sai gugan fata biyu a ƙofar kowane gida
don gobara ba ta sallama,
sai bututun itace daga marmaro zuwa tsakar gari,
wanda ya ci haraji, ya ci maka abokai.

Shekarar kwalara masu hali suka haye tudu.
Kai ka tsaya.
Ka bar ganga, ka koma haɗa akwatin gawa,
talatin da ɗaya cikin mako guda.
Na talatin da biyu gajere ne, daidai Mehitabel.
Ba ka ɗauki igiyar awo ba. Ka san tsawon matarka.
Washegari ka shigo ofis ka ce, "Ina muka tsaya?"

Duk wannan yana kan allon tagulla.
Ga abin da ba a sassaƙa ba:

wani daren hunturu kogi ya daskare,
wani mutum ya tako ƙanƙara daga ƙetare,
ƙafa naɗe da tsumma. Ya ce sunansa Josiah.
Da hantsi masu cewa nasu ne suka iso,
da karnuka, da takarda mai hatimi.
Sau uku ka karanta ta.
Ka dubi taga. Ka ce doka doka ce.
Ni na tsoma alƙalami a tawada,
ni na miƙa.
Josiah bai roƙe mu ba. Ya dai dube mu
kallon mai haddace fuska.

Tun daga nan ba ka ƙara bi ta bakin kogi ba.
Ta bayan maƙera kake zagayawa, hanya ta ninka.
Da kuɗin ruwa ya kayar da kai a zaɓe
ka miƙa mabuɗi da sauri,
kamar wanda garwashi ya daɗe a tafinsa.

Yau yara na shan famfonka,
titi na amsa sunanka, aladu sun bi doka.
An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.
Haka ne.
Tawada ma haka take.

Kullum da magariba nakan goge wannan hoto.
Hannun nan na cikin aljihu,
shi ya gina gari, shi ya sa hannu.
Naka an rufe.
Nawa a fili yake, yana rawa da tsufa,
har yau da baƙi ƙarƙashin farce.