Gefen Shafi

Ƙarfe biyun dare a Samaru,
an ɗauke wuta, janareton maƙwabta na tari.
Na ɗora wa na'ura kundi mai shafi saba'in
kan wuta-wuta da yadda take shanye dawa.
Kafin shayina ya sha iska
ta tankaɗe shi, ta miƙo min layi tara,
fes, ba tsakuwa, ba dusa.
Na kwafe, na kwanta, har da minshari.

Da safe Dakta Ladidi ta sauke tabarau,
ta bi takardar daga sama har ƙasa.
"Tanimu, duk wannan daidai ne.
To, kai kana ina?"
Na buɗe baki.
Ba kowa a gida.

Na shiga bas ta Kwangila,
yaron mota na rangaɗa Ƙofar Doka,
tambayar na zaune a cinyata
ba ta biya kuɗin kujera ba.

A zauren kakana, can Unguwar Juma,
akwai littafi a gafaka, gara ta ɗanɗani kusurwarsa.
Larabcin tsakiya ya fi ƙarfina.
Amma gefe!
Ajami siriri kamar sawun kiyashi:
"Nan ban gamsu ba."
"A tambayi Malam Barau ran Laraba."
"Ba haka muke awo a kasuwarmu ba."
Can ƙasa kuma, bashin goro, sule uku.
Shekara talatin da rufe shi,
tsohon bai daina musu ba.

Na koma ɗaki na kife waya.
Ni da kundi, da biro mai yoyo.
Na yi hamma a shafi na sha biyu,
na ɓata a na ashirin, na dawo da baya.
A na arba'in da ɗaya
marubucin ya ce manoma ba sa cire ta da wuri.
Sai na ga Inna a gonarmu ta Shika,
duƙe tun raɓa ba ta bushe ba,
tana tuge ta kafin ta yi fure,
tana tarawa a kunya, ta cinna mata ashana.
Wannan layin ba ya cikin taran nan.
Na'ura ta tsallake shi, don bai yi mata ƙaiƙayi ba.
Ita ba ta da faso a diddige.

Na rubuta a gefe: "Ba a gonarmu ba."
Hannuna har rawa yake.

Sai a sannan na tashe ta.
Na ce, ga nawa, nemo min inda ya yage.
Ta kama ni da kuskuren lissafi, na gode mata.
Ta jera min bayanan da na watsar, na karɓa.
Ta ambaci wani bincike, na kwashe yini a laburare,
babu shi, babu alamarsa.
Wannan ma na rubuta a gefe.

Jiya Dakta ta dawo min da takarda,
jan biro ko'ina, kamar an yanka zakara.
Ba ta ɗago kai ba, ta turo kujera da ƙafa:
"Shafi na uku, ban yarda da kai ba.
Zauna."