Hamsin

Ɗiyata ce ta biya kuɗin jirgi, ta ce in je in huta.
Ban san ta inda ake kama hutu ba.
Shekara talatin da huɗu ina ƙirga ƙwayar magani a bayan kanta,
hannuna bai koyi zama haka kawai ba.

A Gozo suka ba ni ɗaki mai koriyar taga,
tawul uku, da takardar abubuwan da ya kamata in gani.
Kwana biyu na bi takardar kamar mai biyan bashi:
ga ganuwa, ga coci mai ƙubba, ga kogon ɗaukar hoto.
Baƙi sun baje a rairayi kamar kilishi,
in gefe ya yi, su juya.
Ni ban cire takalmi ba.
Tekun ya yi shuɗin da marina ba ta taɓa kaiwa ba,
amma ba mu saba ba, ni da shi.
Gaisuwa daga nesa ta ishe mu.

Rana ta uku na ɓata hanya.
Arewacin tsibirin dutse ne shimfiɗe,
an sassaƙe shi gida-gida kamar ramukan dara,
kowane gida da ruwan teku a kwance
yana jiran rana ta sha rabonta ta bar farin.
Wata tsohuwa na shara a ciki,
malafa a ka, diddige duk faso.
Ta dafa ƙirji ta ce: Lonza.
Na nuna tsintsiyar, na nuna furfurarta, na buɗe yatsu:
shekara nawa?

Ta ce, hamsin.

Na ce, me?
Ta ce, hamsin,
da wata ha mai fitowa daga can ƙasan maƙogwaro,
amma ita ce, kalmar da kakata ke ƙirga goro da ita.
Wa ya kawo ta nan? A wane jirgi? Ta riga ni da ƙarni nawa?
Na ce arba'in, ta ce wani abu mai kama da ƙaninsa.
Na ce Alhamis, ta tafa hannu.
Muka tsaya muna zazzage aljihun bakinmu
kamar yara masu gwada tsakuwa.

Sai ta ɗaga kai, dariyar ta ɗauke.
Hadari, daga yamma, a watan da ba nasa ba.
Ta taɓa goshi da kafaɗu, ta ce Alla,
ni ma na ce Allah,
ta cusa mini tsintsiya ba tare da neman izini ba.

A gida muna cewa gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana,
ran da ruwa ya zo, gishiri ya ji kunya.
Ban taɓa ganin kunyar da idona ba sai ranar.
Na share, na tara, na cika bokiti,
mijinta Wenzu na gudu da buhu, gwiwa ɗaya ba ta yarda.
Ɗigon farko ya faɗi a wuyana.
Tulin da ba mu kai gare shi ba
ya zauna, ya yi toka-toka, ya koma inda ya fito.

Buhu tara muka tsirar.
A ƙarƙashin dutse Wenzu ya goga tumatir a burodi,
ya zuba man zaitun, ya barbaɗa abin da muka ƙwato.
Ba wanda ya yi magana. Kalmominmu sun ƙare tun ɗazu.

Ɗiyata ta kira da dare: Baba, ka huta?
Na dubi tafin hannuna, ya yi bororo biyu,
gishiri na cizon su.
Na ce, sosai.